Shekara bakwai bayan Yaya Dije, masu hidima na gudun gidan abincinta

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Dije makwancinta, Allah Ya jiƙanta. Ita ce babbar yata. Da tukunya biyu da tabur ɗaya ta buɗe gidan abincin nan na unguwar Wadata, ta riƙe shi har ya zama wurin cin rana na teloli da ƴan taksi da manyan ƴan kasuwa. Kowace shekara addu'a nake yi mata in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

A zamaninta mata biyar ke kai wa mutane abinci, kuma su ɗin ne dai na sani shekara da shekaru. Haihuwa kan ɗauke ɗaya na ɗan lokaci, ta dawo ta tarar da gurbinta. Yaya tana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Idan ta ga maiƙo a kan tabur, har bakin titi ake jin muryarta. Amma ba a buɗe ƙofa sai masu hidima sun ci sun ƙoshi, daga tukunyar da za a zuba wa baƙi. Wata rana miya ta ɗiga a rigar wani alhaji mai shaguna, ya zagi Zalika, babbarsu, har da ambaton uwa. Yaya ta fito daga madafa, ta ɗauke kwanon da ke gabansa, ta ce riga ita za ta wanke da hannunta, amma daga yau ya nemi wani wurin ci.

Yanzu ɗanta Laminu ke riƙe da wurin, kuma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya yi fenti, ya sa na'urar sanyi, ya ɗinka wa masu hidima riguna iri ɗaya. Sai dai duk zuwan da zan yi, sabuwar fuska ce ke miƙo mini ruwa. Ya ɗauke bencin da suke hutawa, wai zama na kawo lalaci, daga hantsi har la'asar a tsaye suke. Abincinsu kuwa ƙanzon gindin tukunya. Watan jiya a gabana wani mutum ya watsa wa wata mai hidima dambu a jiki wai dambun ya huce, Laminu ya sa ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Da Yaya ta ga wannan, ban san wanda za ta fara kora ba, baƙon ko ɗan nata.

Abin da ya fi ba ni takaici, shi ne ke kuka. Wai matan yanzu ba su da haƙuri. Ya ɗauko wani masani mai jakar takardu ya zo ya koya masa dabarun riƙe ma'aikata, aka liƙa hoton gwanar wata a bango. Wadda aka fara liƙa hotonta ba ta ga ƙarshen watan ba ta ajiye rigarsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Da abin ya ishe shi ya zo gidana. "Kawu, ka roƙar mini Zalika ta dawo, ta koya wa sababbin nan aiki."

Zalika ta daɗe da barin wurin, amma ban san dalilin tafiyarta ba, don haka na ƙetare kogi na same ta a unguwar Lamorde, inda ta kafa ƴar rumfar abinci kusa da jami'a. Ta zaunar da ni, ta saurare ni har na gama, sannan ta ba ni labari. Uwarta ce ta kwanta ciwo a ƙauyen Tondibiya, Zalika ta nemi hutun kwana uku. Laminu ya ce in ta fita kada ta dawo. Ta fita. A kwana na biyu tsohuwar ta cika.

"Baba, shekara ashirin da shida na yi a gidan nan. Ni na goya Laminu. Ko gaisuwar mutuwa bai aiko mini ba."

Kunya ta hana ni maimaita roƙon. Da na kai wa Laminu amsa, ido a kan wayarsa ya ce, "To, sai a nemi wata." Tun ranar ban sake taka wurin ba.

Na daɗe ina auna abin da Yaya ta bari. Gini da suna suna hannun ɗanta, kuma ciniki bai mutu ba tukuna. Amma biyu daga cikin tsofaffin matan nan sun bi Zalika rumfarta ta kwano, inda rana ke dukansu, shekara uku ke nan ba wadda ta motsa. Ashe gadon gaske wadda Yaya ba ta haifa ba ce ta ɗauke shi. Saboda haka bana shinkafar sadakar Yaya can na kai. Su suka dafa, su suka raba, kuma da aka ɗaga hannu za a yi addu'a, su suka riga ni kuka.