Jakar da Na Rataya a Ƙusa

Ranar Talata ce. Na tashi da asuba, na yi salla, na dama koko a 'yar ƙaramar tukunya, don manyan duk na ɗaure su tun jiya. Ƙasa da laima, an yi yayyafi. Geron bayan gidanmu ya fi mutum tsayi. Ranar ce za mu tashi daga ƙauyenmu, can yamma da Gwiwa, mu koma Kazaure. Maigidana tela ne, ya samu shago a can, ya kama mana ɗaki biyu. Ya riga mu tafiya don ya share gidan. Ya ce motar kaya za ta iso ƙarfe tara.

Mako biyu na yi ina shiri. Na ɗauko ragowar littafina na sakandare na rubuta komai, tun daga katifa har muciya. Kowane buhu na sa masa lamba da gawayi. Matan maƙwabta suna mini dariya, wai 'yar boko ko tashi sai da rajista.

Yarana uku. Nana tana goye, watanta takwas. Abba shekara huɗu. Sai babbar, shekara bakwai. Ita ce 'yar farina, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, uba ma haka. Kunya ce. Kakarta ce ta raine ta, sai da ta rasu bara yarinyar ta dawo ɗakina. Ni "ke" nake ce mata. Ita kuma tana ce mini Adda, kamar yayarta. Na yi makaranta, na san ba addini ba ne. Bakina ne dai bai taɓa iyawa ba.

Don kada yara su watse mini ranar tashi, sai na mayar da abin wasa. In na tafa hannu sau uku, kowa ya ɗauki kayansa ya tsaya a zaure. Abba buta ce tasa. Babbar na ba ta jakar makarantarta, na zuba takardun haihuwarsu, katin rigakafi, da takardar canjin makaranta. Na ce mata ko me za a yi kada ta bar jakar nan, in ta ɓata ba ita ba makaranta a Kazaure. Kullum sai na maimaita. Da jakar take kwana.

Ƙarfe takwas da rabi na tuna katin Nana yana cikin kwanon da na kife. Na karɓi jakar daga kafaɗarta, na saka katin. Nana ta fasa kuka. Na rataya jakar a ƙusar bayan ƙofar ɗaki, na je na ba ta nono. Na manta.

Tara da minti goma mota ta iso, akori-kura ce fara. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Yawancin maza suna gona. Maƙwabtanmu biyu suka taya lodi. Ina riƙe da littafi ina soke abin da ya hau. Turmi ya hau. Kujerun tsuguno sun hau. Ɗakin ya zama wayam.

Goma saura kwata na ji ƙarar babura daga yamma. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Direban ya tsaya da igiya a hannu yana saurare. Sai na ji tas. Sai tas, tas. Daga nan ƙarar ta haɗe, ban ƙara iya rarrabewa ba.

Wani ya yi ihu daga bakin rijiya: "Ga su nan! Ku shiga gero!"

Na ga na farkonsu ya karyo kwanar masallaci. Su uku a kan babur ɗaya, fuskokinsu a naɗe. Maƙwabcinmu yana saman mota yana ɗaure katifa. Harbi ɗaya, ya faɗo ta kansa. Direban ya ɗaga hannuwa biyu sama. Suka harbe shi a ƙirji, ya jingina da tayar motarsa ya sulale. Jininsa ya bi ta ƙarƙashin buhu mai lamba shida. Ban san me ya sa idona ya riƙe lambar ba.

Na koma cikin gida da gudu. Yaran suna bayan madafi. Ban kira kowa ba. Hannuna ne ya tafa sau uku, shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Abba ya ɗauki butarsa. Na fizgi hannunsa, babbar ta kama ɗaya hannun. Muka kutsa ta ɓarakar darnin baya. Kara ya yage mini ƙafa, ban ji ba sai daga baya.

Tsakanin darninmu da gona bai fi taku hamsin ba. Mata da yara sun cika filin, kowa na ihu. Harsashi yana wucewa da wani irin shuu. Wata tsohuwa da ke gabana ta kife, zaninta ya kwance, ba wanda ya tsaya. Bayanmu rumbuna sun kama wuta, ana jin dawa tana fashewa.

Mun kai bakin gero sai na ji hannun Abba ya yi sauƙi. Na waiwaya. Ta saki. Tana shafa kafaɗarta.

"Adda, jakata!"

Ta juya da gudu.

"Ke!" na ce. "Ke! Dawo!"

Mata goma suna faɗin haka a filin nan, kowa da tata. Ba ta waiwayo ba. Sunan ya zo mini har maƙoshi. Wallahi ya zo. Na buɗe baki, sai "ke" ta sake fitowa. Na ga jar rigarta ta shige ɓarakar darni.

Na yi taku biyu zan bi ta. Babur ya ɓullo ta gefen gidan, na bayan yana harbi ko ta ina. Abba ya ƙanƙame ƙafata. Wata mata ta finciko ni ta zanin goyo.

"Kwanta! Za ki kashe na bayanki!"

Na faɗa cikin kunyar gona, na toshe bakin Nana da nono, na danne Abba da cinyata. Ina kallon darnin ta tsakanin kara. Na ce yanzu za ta fito. Jaka ce kawai, ta san inda take. A lokacin na tuna ƙusar. Ta fi ta tsayi nesa. Kuma kujerun duk suna kan mota.

Goma da minti biyar aka yi harbi biyu a cikin gidanmu. Na duba waya, shi ya sa na sani. Bayan haka hayaƙi ya tashi daga zaure.

Sun fara shigowa gona suna harbin duk inda kara ya motsa. Muka ja ciki. Gwiwoyina suka sale. Mun wuce wani mutum kwance da fartanyarsa a hannu, rabin fuskarsa babu. Na rufe idon Abba. Bai yi kuka ba. Bai saki butar ba.

Sha biyu muka kai duwatsu. Mu kusan ashirin muka cusa kanmu a wani kogo. Daga nan ana hango garin. Na ga motar kayanmu tana tafiya yamma, babura a gaba da baya. Ban bar musu wahala ba, komai a ɗaure yake, a lodi. Duk yarinyar da ta hauro dutsen sai na miƙe. Ba jar riga.

Azahar ta wuce kafin ƙara ta ɗauke. Muka gangara ta gabas, ba takalmi. Ruwan da ke cikin butar Abba shi muka kurkurɓa, mu bakwai. Ƙarfe uku muka fito titi. Wata motar hatsi ta kwashe mu. Ana kiran la'asar muka shiga Kazaure.

Maigidana yana ƙofar sabon gidan, ya yayyafa ruwa a tsakar gida, ya share. Ya dubi bayana. Ya dubi Abba. Ya sake duban hanya.

Washegari ya bi maza suka koma binne mutane. Ya dawo bayan azahar da jakar a hannu. Ya ce a ɗakinmu ya sami yarinyar, bayan ƙofa. Ta jawo tubali biyu daga murhu ta ɗora, ta taka, ta sauko da jakar. Tana rungume da ita. Takardun ba abin da ya same su, sai gefen katin Nana da ya jiƙe.

Kwana uku bayan haka mai unguwa ya turo wani malami da littafi, yana rubuta waɗanda aka rasa. Ya zauna a tabarmar aro, ya yi mana gaisuwa, ya tambayi sunan yarinyar. Maigidana ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu zai ciro takardar haihuwa. Na riƙe jakar.

"Zulaihatu," na ce.

Faɗin sunan numfashi ɗaya ne. Bai fi haka ba.

Littafina yana nan, a ƙugu na soke shi ranar, ban ma sani ba. Abu arba'in da ɗaya na rubuta a ciki. Biyu ne suka iso Kazaure, buta da jaka. Akwai ƙusa a bayan ƙofar ɗakin nan ma. Na sa maigidana ya cire ta, ya kafa ta ƙasa, daidai kafaɗar yaro.