A-Chu Mai Gwaza da Birkin Malam Lu

Wata mata mai suna Ko Pao-chu, wadda kowa a garin Dajia ke kira A-Chu, ta yi shekara ashirin da bakwai a kan benci guda a wata masana'antar kayan keke. Gwajin ƙarshe ne aikinta. Birki irin mai faifai ba ya shiga kwali sai ya bi ta hannunta. Ta matsa hannun birkin, ta ga takalman birkin guda biyu sun fito tare sun cafke faifan, ta saki ta ga sun koma. In ta ji laushi kamar ta matsa burodi, ta san iska ta shiga tiyon mai, sai ta ture shi gefe.

Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu tun 'yarsu tana sakandare. 'Yar ta gama karatu ta yi aure a Taipei. Da A-Chu ta ajiye aiki, zaman gida ya gagare ta. Wata uku ta yi tana goge abin da yake a goge, daga nan ta koma taya matar ƙaninta, A-Kiau, sayar da dafaffiyar gwaza da shayi a wata rumfa a gindin tudun bayan gari, inda masu keke ke yada zango in sun gangaro.

Hannunta na zuba shayi, kunnenta na kan titi. In ta ji shik-shik-shik, faifai ya ɗan lanƙwashe. In ta ji ƙarfe na cin ƙarfe, takalmi ya ƙare. Amma ba ta tankawa, tunda ba wanda ya tambaye ta.

Cikin masu zuwa kullum da safe akwai Malam Lu, tsohon malamin lissafi, mai shekara saba'in da ɗaya da sabon keken da ɗansa ya saya masa. Mako guda birkinsa na baya yana kuka kamar an taka wutsiyar kare. Ran nan sai ga shi ya gangaro shiru. Ya wuce rumfar yana jan ƙafa a ƙasa, bai tsaya ba sai cikin ayabar maƙwabta.

Ya turo keken yana kakkaɓe wando. "Kun ji kukan ya daina ko? Da kaina na gyara. Man keken ɗinkin matata na ɗiga masa, gaba da baya."

A-Kiau ta ce, "Ai mun gani, Malam. Ayaba ma ta shaida."

A-Chu ta ajiye buta. "Malam, juya mini keken."

"Ke kuma, mai shayi, me kika sani a keke?"

"Kaɗan. Juya shi dai."

Ta cire ƙafar baya, ta zare takalman ta ɗora masa a tafin hannu. Sun yi baƙi suna sheƙi. Ta ce masa birkin nan da gugar juna yake aiki, shi kuwa ya zuba mai tsakanin takalmi da faifai. Faifan zai wanku, amma takalmi in ya sha mai ya sha ke nan, ko an kankare samansa cikinsa zai sake tsattsafowa. Ta ɗauko sifirit ɗin da suke fesa wa hannu da tsumma mai tsabta, ta goge faifan har sau uku.

"Kada ka taɓa shi da yatsa, ko maiƙon jikinka ba ya so. Kuma kada ka matsa hannun birki ƙafa tana waje."

Ba ta rufe baki ba ya matsa, don ya ga abin da zai faru. 'Yan ƙarafan da ke tura takalman suka leƙo suka tsaya cak.

A-Chu ta dube shi. "Shekara nawa ka ce ka yi kana koyarwa?"

"Talatin da takwas."

"Yaran suna jin magana?"

Malam Lu ya yi dariya har ya tuɓe hular kwanonsa. Ta mayar da ƙarafan a hankali da ƙotar cokalin roba, ta aike shi kanti a ƙafa ya sayo takalma na gaba da na baya. Da ta ɗaura, ta ce sabon takalmi sai ya saba da faifai. Ya bi miƙaƙƙen titin nan, ya ɗan yi gudu, ya matsa sosai amma kada ya tsaya gaba ɗaya, sau ashirin. Ya yi ta kai da kawowa a gaban rumfa yana ƙirgawa da ƙarfi. A na goma sha biyar ya ɗaga murya, "Malama! Ya fara kamawa!"

Sunan ya bi ta. Asabar ta gaba ya zo da abokan hawansa bakwai, duk tsofaffi, kowa da kukan kekensa. A-Chu ta ƙi karɓar sifana. Yatsunta sun soma ciwo in an yi sanyi, kuma ta ce birkin da mutum zai dogara da shi a gangara, gara ya san shi da hannunsa. Tana zaune a kujerar roba tana faɗa musu yadda za su yi. Sassauta notuna biyu, matsa birki, ɗaure su yana matse, sai faifan ya zauna a tsakiya. Leƙa ta sama, in naman takalmin bai fi kaurin farce biyu ba, canza shi. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya yi wata biyu yana gardama da ita kafin ya sallama.

A kakar shekara ta biyu suka shirya zagaye ƙasarsu, wadda tsibiri ce, a kwana goma sha biyu, suka roƙe ta ta shiga motar da za ta bi su da kaya. Ta ce wa zai taya A-Kiau?

"Yaya, je ki," in ji A-Kiau. "Da ma rabin gwazar da kike ɓarewa a bakin tsofaffin nan take ƙarewa."

Ta tafi. Kowace safiya kafin su tashi takan bi kekunan ɗaya bayan ɗaya, mai keke ya duba, ita ta duba bayansa. A rana ta shida ruwa ya tarar da su a wata doguwar gangara ta kudu. Ta sa direba ya tsaya, ta fito da laima, ta ce kowa ya riƙa matsawa yana saki, kada ya riƙe birki ɗaya har faifan ya yi zafi. Suka sauka sannu a hankali, su takwas, ba wanda ya zame. A ƙasa, da hadarin ya yaye, ta ga tekun gabas karo na farko tana da shekara sittin da biyu. Ta cire silifas ta shiga har gwiwa.

Ta dawo fuska duk ta ƙone da rana, da kwalin busasshen kifi na tsaraba. A-Kiau ta tambaye ta yaya tekun yake.

"Ya fi namu na yamma shuɗi," in ji A-Chu, tana ɗaura zanen aiki. "Amma gwazarsu ba ta da gari. Miƙo mini wuƙar nan."