Tabarmar Jiran Alat

A Kuyello na tashi, a hannun kakata Inna Ladi, wadda ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "mijina marowaci". Ƙarshen damina, idan masara ta nuna, da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhunta. Ita tana ɓarar gyaɗa, mu muna gasa masara muna ƙona yatsu. A wancan zamani dajin bayan gari wurin itace ne da zuma da ɗinya. Babu abin tsoro a cikinsa sai wanda Inna ta saka da bakinta.

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Sai ta zunguri wuta ta ce, "Ga wata can tafe daga bakin daji." Mu ce, "Ta ƙaraso." Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta mai zuma.

Wai wata mata ce ke sayar da zuma a bakin daji. A ƙasarsu ba a yawo da kuɗi saboda 'yan fashi. Mai saye yakan ɗaura kuɗin a ƙafar kurciya tun daga gida ya sake ta, ita kuma ta kai wa mai kaya. Ran nan wani baƙo mai babbar riga ya zo ya ce a ba shi tulu uku, ya riga ya saki kurciyarsa. Har ya buɗe tafin hannu ya nuna gashin tsuntsuwar, wai shaida. Mai zuma ta dubi sama, ba kurciya. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ba shi zumar ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta ce su jira tare. Baƙo ya tashi, ya zauna, ya dubi rana, ya yi tsaki. Can da yamma sai ga wutsiya ta leƙo ta ƙarƙashin riga. Ashe kura ce!

Nan muke fashewa da dariya, ni har da birgima. Inna takan ɗaka mini duka da mafici ta ce, "Kai mijina, wutsiya kawai ka zo ji. Saura baƙo na biyu fa." Amma wa ya damu da na biyu? Mutumin kirki ne, ruwan sama ya tsare kurciyarsa, babu wutsiya, babu gudu. Ina jinsa sama-sama, hankalina yana kan masarata.

Yau shekaruna sun haura arba'in, ina da rumfar hatsi a kasuwar Birnin Gwari. Manoman Kuyello da Tabanni ke kawo mini buhuna in sayar musu. Dajin nan da muke shan ɗinya, kowa ya san abin da ya koma, don haka ba mai hankalin da zai biyo hanya da kuɗi a aljihu. Ciniki ya koma tiransifa: mai saye ya tura daga bankinsa zuwa nawa, wayata ta yi ƙara, alat ya shigo, a yi lodi. Sai dai sabis ɗinmu ba shi da alƙawari, wani lokaci sai na je gindin tankin ruwa ina ɗaga waya sama. Ranar da na lura kurciya nake jira, rasit ɗin da ake nuna mini a waya kuma gashinta ne, na yi dariya ni kaɗai. Na sayi tabarma na ajiye. Ta kuwa taɓa kama mini wani mai rasit na bogi, wanda ya ce zai zaga bayan gida, har yau bai dawo ba. Daga nan na fara jin kaina gwani.

Sai ranar da wani dattijo, Baba Yohanna, ya zo daga Kaduna sayen masarar abincin kaji. Ban taɓa ganinsa ba. Muka daidaita a kan buhu ashirin, aka loda a mota, ya tura kuɗin. Wayata shiru. Motocin Kaduna kuwa a ayari suke tafiya da rakiyar jami'an tsaro, bayan azahar za su tashi, wanda ya rasa su sai gobe.

"Ɗana, ga rasit, kuɗin sun fita daga wajena," in ji shi. "Ayari zai tashi."

"Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma masarar ba tawa ba ce, masu ita da kasadar rai suka noma ta. Ga tabarma."

Ya zauna, ya tashi, ya dubi rana. Ni kuma na koma kan bencina ina satar kallonsa, a raina ina cewa, to, saura wutsiya. Direba ya gaji, ya sauke buhunan ya bi ayari. Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Kuɗin nan cif, da sunansa.

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa ina ba shi haƙuri.

"Ba ka yi laifi ba, ko ni ne ba zan saki kayan amana ba," ya ce a hankali. "Matata ce a asibiti, na ce mata yau zan kwana kusa da ita. Da dai ka tambaye ni me ya sa nake duban rana."

A nan baƙo na biyu ya faɗo mini, kamar Inna na zaune a gefe da maficinta. Mai zuma ba daga nesa ta tsaya tana gadinsa ba. Zama ta yi kusa da shi, ta tambaye shi garinsu da wanda ya baro a gida, da dare ya yi ta ba shi tuwonta. Da na tambaya, ai da na saka dattijon nan a ayari ya tafi wurin matarsa, masara ta bi shi washegari. Dabarar ba ta da wuya, ni ne na shagala da neman wutsiya.

Na kai shi gidana ya kwana, da safe na biya kuɗin lodi. Amma daren da ya yi wa matarsa alƙawari ba ni da inda zan samo masa shi, kuma abin yana damuna har yau.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Har gobe ba na sakin buhu sai alat ya shigo, a wannan ban sauya ba. Na dai fahimci cewa a garinmu na yanzu mai gaskiya ma yana duban rana, don hanya ba ta jiran kowa. Mai zuma kuwa cewa ta yi su jira tare, ni ne na ji rabi. Bencin nan na ba maƙwabcina, na sayo tabarma mai cin mutum biyu.