Cokalin Goggo Rahila

Ƙwal! Cokali ya faɗo daga kan murfin tukunya. Goggo Rahila ta dube ni, ta ce, "Ladi, ɓeranmu ya shigo."

Kun dai san ta, yayar surukina, mai bandar kifi a Gashuwa. Ba ta yarda da mutum sai ta ga yana tauna. A ce wane mutumin Allah ne, sai ta karkace baki: "Yana cin tuwo?" Ko hoton Yesu na kalandarmu bai tsira ba. Ta ƙura masa ido ta ce, "Wanda ya sha tafiya har ya zauna bakin rijiya yana roƙon ruwa, shi ne da ƙafa sumul haka? Ko faso babu! Ba shi ba ne."

Ran da fastonmu ya yi gyangyaɗi a taron mata kuwa, har kifi ta aika masa. Wai Ubangiji Yesu ma ya yi barci a jirgin ruwa, da matashi ma.

To, a shekarun tamanin ne wani baƙon mai wa'azi ya sauka gidanmu a Nguru, wai ya fi ƙarfin abinci, ruhu ke riƙe da shi. 'Yata Talatu na kwance da zazzaɓi, ya ce a bar magani, a sa ta azumi. Maigidana ya yarda. Ni kuwa tsoro ya hana ni magana.

Sai ga Goggo ta zo dubiya. Ta kalli kumatun baƙon. Ta dafa miyar banda, ta ɗora cokali a bakin murfi, ta ɗaga murya: "Mun tafi kasuwa!" Muka laɓe bayan zana.

Da cokalin ya faɗo muka shiga, muka sami baƙon da kan kifi a hannu.

"Ina... ina tsarkake miyar ne, Mama."

"Tsarkake ta da tuwo, ɗana, ta fi daɗi." Ta zaunar da shi, ta cika masa kwano. "Wanda kake wa aiki ya ji yunwa bai ɓoye ba. Da ya tashi daga kabari ma gasasshen kifi ya ci a gaban mutane. Kai wa ka fi?"

Ta juya kan maigidana: "Ishaya, ɗauko keke!" Kafin azahar Talatu na asibiti.

Allah ya ba ki hutawa, Goggo. Ya zaunar da ke inda za ki ga ƙafafun Yesu da idonki.

Ranar jana'izarta mata suna ta ce mini mai bi ba ya kuka, ina ta haɗiyewa. Talatu ta ja zanena.

"Mama, yi kukanki. Kaka ta ce da abokinsa ya mutu, Yesu ma ya yi."