Shekarar da Aka Shinge Burtali

Garinmu ɗan ƙarami ne, can bayan Tsibiri, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara. Da sanyi, in an ci tuwo, kakarmu Iya Habsu takan hura kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Daga nan muna jiyo kukan shanun Fulanin da ke zaune gefen gari tun kafin a haifi babana.

Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya ce kowane gida sai ya ƙara gonar gujiya, fili ya ƙare. Mai gari ya nuna wa Baba burtalin da shanu ke bi zuwa tabki, ga gardin kumandan tsaye da bulala, ya ce nan ne rabonsa. Baba ya saro ƙaya ya shinge.

Ranar Iya ba ta yi mana wasan da ta saba ba. "Ku matso," ta ce, "tatsuniyar yau gajeruwa ce."

Wai wani gari ne mai tabkin da ba ya ƙafewa. Aljanar tabkin abu ɗaya ta roƙe su: dabba ta fara sha, sannan mutum. Sai wani sarki ya sa aka kewaye ruwan da ƙaya don lambunsa. Shanu suka yi ta zagaye suna kuka, har suka gaji suka yi arewa. Gari na wayewa, ruwan ya bi sawunsu. Mutane suka yi ta haƙa, sai rairayi.

"To Iya, sai me ya faru?" in ji ƙanwata.

"Shi ke nan, ɗiyata. Ba su dawo ba."

Ashe Baba na zaune bakin rumbu yana ji. "Inna," ya ce, "in na ƙi, ɗaure ni za su yi su kai ni Maraɗi."

"Na sani, ɗan nan. Yara nike ma tatsuniya."

Kafin damina Fulanin suka tashi. Dije, ƙawar Iya mai kawo mata nono, ta zo sallama. Suka zauna riƙe da hannun juna.

Na daɗe ina ɗauka Baba ne sarkin nan. Sai da na girma na zo Sabon Gari, ni ma aka sa ni abin da raina bai so ba, sannan na lura: a tatsuniyar Iya ba ta taɓa faɗin wanda ya saro ƙayar ba. Da gangan ta fidda shi, don kada mu ga ubanmu a ciki.