Tabarau a Kan Bindigar Baba

A shekarar da babbar guguwa ta taso daga teku ta kayar da itatuwa a kan wayoyin lantarki, har unguwarmu ta Beltsville a Amurka ta yi kwanaki cikin duhu, ban gama firamare ba. Kakata Inna, mahaifiyar Baba, tana wurinmu a lokacin, ta zo daga Malumfashi. Da wuta ta ɗauke maƙwabta suka shiga damuwa, ita kuwa sai ta wartsake. Ta sa aka fito da murhun gawayin da muke gasa naman layya, ta ɗora tukunya a bayan gida, ta ce yau dai za a ci tuwon da ya san hayaƙi. Da rana takan zaunar da ni ta koya mini ajami. Bayan magariba kuma mu shimfiɗa tabarma kusa da garwashin, ni da ƙanena Anas, ta yi mana tatsuniya.

Baba ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune dab da ita za ta juyo gare ni ta ce, "Maigidana, faɗa wa mutumin nan tuwo na hucewa." Anas, da aka haifa a nan, ya taɓa tambayar Mama da Turanci ko faɗa suke yi.

Baba direban tasi ne a Washington, da tasin nan muke ci, da ita dangi ke ci a gida. Ya kuma yi hayar ɗan fili can bayan gari yana noma yakuwa da kuɓewa da gauta. Akwai wata dabba mai kama da gafiya da ke haƙa rami tana cinye masa shuka, saboda ita ya sayi 'yar ƙaramar bindiga mai harsashi kamar ƙwayar gyaɗa. Da farko yana samunta. Daga baya sai ya fara kuskure, ya ce saiti ne ya goce. Ya shafa wa ɗan ƙarfen da ke kan hancin bindigar farin fenti don ya riƙa ganinsa. Bai yi ba. Ya cire shi ya sa wani mai ƙyalli. Shi ma bai yi ba. Ana gab da guguwar ya kawo madubin hange, dogo kamar rake, ya ɗaura a kan bindigar yana ta murza 'yan sukurorinsa. Inna ta ce mini, "Ikon Allah. Bindiga ta samu tabarau, mai ita bai samu ba."

Kowa a gidan ya lura, ba a dai faɗa. Baba kan yi ƙwallo da buta in tana gefensa na dama. Tasi ma ta dawo da ƙarzuwa a ƙofar dama. Da Mama ta ce ya je a duba idonsa, sai ya ce, "Likita ya rubuta abu a takarda su karɓe lasin, sai ku ci me? Idona ƙalau."

Da aka share hanyoyi muka je duba gonar. Ruwa ya kwantar da kuɓewa, amma hankalin Baba na kan madubinsa. Ya ajiye gwangwani a kan tudu, ya ce Anas ya zauna a mota, ya durƙusa ya manna idonsa na hagu a madubin. Inna na tsinkar yakuwa a gefe. Ban san lokacin da Anas ya buɗe ƙofa ba. Na dai gan shi yana gudu daga dama, hannu a miƙe, gwangwanin yake so. Tsohuwar nan da ba ta tashi daga sallaya sai an kama ta, ta yi tsalle ta cafki rigarsa, suka faɗi tare cikin taɓo. A daidai nan bindiga ta tashi, gwangwani ya yi sama.

"Allahu akbar! Kun gani?" in ji Baba. "Na ce muku saiti ne!"

Bai ga komai ba. Da ya waiwayo ya ga taɓo a zanen Inna, sai ya ce in taimaka mata, santsi ya kayar da ita. Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi ta ce a hankali, "Ba a bakinka zai ji ba."

Da yamma Mama ta tafi aikinta a gidan kula da tsofaffi. Inna ba ta ci tuwo ba. Ta daɗe a sujada, na ji tana maimaita "Ya Laɗifu". Baba ya fito da kujera yana goge madubinsa da ƙyalle, yana cewa gobe da asuba zai koma aiki, fasinja sun yi yawa a gari. A nan Inna ta zauna ta buɗe tatsuniya da irin nata salon, ta ce, "Wata ta taho daga nesa." Muka ce, "Ta ƙaraso, ga tabarma." Amma a ranar ba mu take kallo ba, garwashi take kallo, kuma ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce an yi wani maharbi da gari duka ke cin naman hannunsa. Wata shekara kibiyarsa ta fara wuce nama. Ya ce tsirkiya ce, ya canza. Ya ce baka ne, ya sassaƙa sabo. Da abin ya ishe shi ya je gindin tsamiya wurin wata aljana. Ta ba shi kara mai rami, ta ce in ya leƙa ta ciki zai ga ƙudan da ke kan kunnen barewa a bayan tsauni. Ladanta ɗaya ne: duk leƙawa za ta gutsiri kaɗan daga gefen idonsa. Maharbi ya ce ai gefe ba ya harbi, ta ɗiba. Ya koma yana kawo nama ana yi masa kirari, duniya kuwa tana ƙanƙancewa har ta dawo daidai bakin karan. Ran nan ya hango barewa, ya ja baka, ɗansa kuma ya taho daga gefe da goran ruwa yana kawo masa.

Nan ta tsaya. Anas ya ja mayafinta yana tambayar me ya faru.

Baba ya yi dariya. "Faɗa wa kakarka tatsuniyoyinta sun canza. Mu kura ake ba mu. Maharbin nan ai wawa ne, da sai ya buɗe ɗaya idon."

Ya laluba aljihu ya fito da makullin tasi ya ajiye a gwiwarsa. Na ga Inna ta dubi makullin. Sai ta miƙa hannu ta zaro wani icce daga murhu, bakinsa ja wur, ta ɗaga shi a gefen Baba na dama, tazarar kamu ɗaya da kuncinsa. Ni da Anas muka ja da baya. Baba ya ci gaba da goge madubi.

"Habibu."

Ƙyallen ya faɗi daga hannunsa.

"Habibu, me ke hannuna?"

Sai da ya juya kansa gaba ɗaya sannan ya ga wutar. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Da ka harba ɗazu, ɗanka yana ina?"

"Yana mota."

"Yana gabanka. Taɓon da ka gani a zanena, nasa ne. Gobe kuma ɗan wa zai taho maka ta dama? Na roƙe ka don girman Allah, kada ka tuƙa motar nan."

Baba ya dubi Anas ya daɗe. Ya tashi ya shige gida, bai ce mata uffan ba. Na ji yana lalube a duhu, wani abu ya faɗi ya fashe.

Da asuba tasi tana nan inda take. A makon nan Mama ta kai shi asibiti. Aka ce hawan jinin ido ne, na dama ya kusa tafiya, na hagu ana iya tsare abin da ya rage da maganin ɗigawa. Abin da ya ji wa tsoro kuwa ya faru. Lasin ya tafi, gona ta tafi, bindiga da madubinta ya sayar. Muka koma ɗan ƙaramin gida a Lanham, ya samu aikin zama a rumfar wurin ajiye motoci, Mama ta haɗa aiki biyu. An sha wuya a shekarun nan. Inna ta koma gida kafin sanyi. Baba na gaishe ta a waya yadda addini ya ce, gaisuwa a bushe, ya miƙo mana.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan taurin kan maharbi take. Sai da na girma na fara tunanin mai ba da ita. Tun ranar da ta haife shi take riƙe da sunan nan a bakinta, shi ne girman da take ba shi, shi ne nata girman. Ta gwada habaici, ta gwada addu'a, ta gwada tatsuniya, duk don kada ta kai ga kiransa. Ta kuma san in ya ji maganarta tuwon gidan ne zai ragu, har da nata. Ni ma yanzu nakan kama kaina ina gyara abin da ke hannuna, don kada in dubi abin da ya lalace a jikina.

Na riga na fara aiki sa'ad da aka kira mu cewa Inna ta kwanta. Ni na raka Baba Malumfashi, ina riƙe da hannunsa na dama. Muka same ta a ɗaki ta rame sosai. Ya durƙusa a bakin gado, ya karkata kai har ya same ta da idon da ya rage masa.

"Inna, kin kira ni a Amurka, ban amsa ba."

Ta juya fuska ga bango. "Maigidana, me mutumin nan ke cewa?"

"Na'am," in ji Baba. "Na'am, Inna."

Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Faɗa masa na ji."