Tasin Usta Fahim Ba Ta da Kujerar Gaba

Duk wanda ya tare tasin Usta Fahim a unguwar Shubra ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar gaba, tsawa yake sha. "Baya," in ji shi, ko juyowa ba ya yi. A da ba haka yake ba. Mutum ne da in ka shiga motarsa sai ka ji labarin rabin Alƙahira kafin ka sauka.

Tun yana saurayi yake jan tasi, kuma mota ɗaya ya tsufa da ita, wata baƙa mai faɗin but da ke zuƙar fetur tana aman hayaƙi. Da ita ya aurar da 'ya'yansa mata. Da ita yake kai matarsa Nagat asibiti tun da ciwon suga ya ci mata ƙafar hagu. Nagat mace ce mai jiki, kekunan asibiti masu naɗewa ba sa ɗaukarta, shi ya sa mai walda ya ƙera mata nata na ƙarfe, wanda ba ya lanƙwasuwa. Ita takan miƙe a kujerar baya, keken a but, a ɗaure murfin da igiya.

Bana fetur ya sake tashi, injin kuma ya fara shan mai. Fahim ya ga aikin yini ba ya wuce cikin tanki. Abokan sana'a duk sun koma mota mai amfani da gas: arha, ba hayaƙi. Sabuwa ta fi ƙarfinsa, sai ya nufi Sobhi, ƙanin Nagat, dillalin motoci na hannu.

A gidan shayin bakin layi aka yi cinikin, gaban dattawan unguwa. Fahim ya saurari injin motar da Sobhi ya kawo, ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina salansa. Ya san tukunyar gas a but take zama, don haka ya tambaya.

"Keken yayarka zai shiga?"

"Haba Baban Hani. Ni zan sayar maka da motar da ba ta ɗaukar keken yayata? Buɗe ka gani, tun da maganata ba ta isa ba."

Ya miƙo makulli. Dattawa suka zuba ido. Buɗe but ɗin nan daidai yake da ce wa suruki maƙaryaci a bainar jama'a. Fahim ya ture makullin. Suka haɗa hannu aka karanta Fatiha, tsohuwar motar ta tafi wurin masu ƙarafa.

A gida ya buɗe. Tukunya ce ƙatuwa kwance daga wannan gefe zuwa wancan, ko buhun albasa ba zai samu wuri ba. Ga shi washegari ne likita zai duba yatsan ƙafar Nagat ta dama, wanda ya fara baƙi. Likitan ya riga ya ce in aka yi wasa ita ma za ta bi 'yar'uwarta.

Da safe shi da ɗansa Hani suka juya keken ta kowace fuska. But ya ƙi. Rufin motar ba shi da abin ɗaura kaya, kuma sirara ne kamar gwangwani. Nagat na zaune a kan matakala tana kallonsu.

"Shekara nawa kana tuƙi, Sobhi ya sayar maka da tukunya mai taya," ta ce. "Sobhin da tun yana yaye yake satar min alewa."

"Ƙaninki ne."

"Shi ya sa na san a buɗe but."

Ranar ba su je ba. Tasi uku suka tsayar, kowacce da tata tukunyar.

Fahim ya ja motar zuwa gidan shayin. Sobhi na zaune yana buga domino.

"Ƙaramar tukunya ka ce."

"Ban ce ƙarama ba. Kuma babba ta fi, ba ka bin layin gas kullum. Mun karanta Fatiha, Usta, ko za ka warware Fatiha?"

"A kan ƙarya ka sa na karanta ta."

"Na ba ka makulli. Jama'a, ban ba shi makulli ba?"

Dattawan suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Wannan ya fi ƙona masa rai fiye da maganar Sobhi. Ya ɗauko sifana, ya durƙusa a ƙofar gaba, ya kwance notunan kujerar ɗaya bayan ɗaya. Ya ciccibo ta ya dire a kan teburin, 'ya'yan domino suka watse a ƙasa.

"Ga taka. Ka zauna a kai ranar da za a yanke wa yayarka ƙafa."

Keken ya shiga gurbin kujerar, da ƙyar, hannunsa na gogar gilas. Sai mako na gaba suka samu ganin likita. An cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Ko da sun je ranar farko haka za a yi? Likitan bai ce ba, Fahim kuma kullum sai ya tambayi kansa.

Motar ba ta da laifi, gas kaɗan take sha, Nagat ta daina tari a hanya. Amma iyali mai mutum huɗu in sun leƙa sai su ce ya wuce. Sobhi ya aiko da kujerar sau biyu. Fahim ya ce a mayar masa.